Makarantar Ɗalibai 80: Yawan Yara, Malamai da Ƙofar Shiga

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA:   Yau za mu yi tattaki zuwa kudu maso yammacin Ingila, mu leƙa wata ƙaramar makarantar sakandare mai zaman kanta wadda tsarinta ya sha bamban da wanda aka saba gani. Abubuwa uku za mu duba game da ita: yawan ɗalibanta, yadda take ɗaukar malamai, da yadda take karɓar sabon ɗalibi. Abin da nake so mu fahimta kafin mu rabu shi ne, waɗannan abubuwa uku a ɗaure suke da juna, kuma su ne ke nuna ainihin halin kowace makaranta, fiye da fentin gini ko kyawun allon da aka kafa a bakin ƙofa. Ku gyara zama.

(KIƊA)

Sunan makarantar Sands. Tana cikin Ashburton, wani ɗan ƙaramin gari a gundumar Devon, a gindin tuddan Dartmoor, garin da a zamanin da ya yi suna wajen auna kuza da cinikinta. Makarantar jeka-ka-dawo ce, ana biyan kuɗi, maza da mata suna karatu tare, kuma tana karɓar yara daga shekara 11 zuwa wajen 16 ko 17.

Asalinta yana komawa ga wata makaranta da ta girme ta, wato Dartington Hall, wadda Leonard Elmhirst da matarsa Dorothy suka kafa a 1926 kusa da garin Totnes. Dartington ta yi shekaru tana tashe a matsayin makarantar da ke sakar wa yaro mara ya yi tunani da kansa. Amma a ƙarshe ɗalibai suka ragu, kuɗi ya ja baya, sunanta ya ɓaci a jaridu, aka rufe ta a 1987. A wannan shekarar ce malamai uku daga cikin malamanta, David Gribble da Sean Bellamy da Sybilla Higgs, suka haɗa kai da wasu 'yan ɗalibai ƙalilan da iyayensu, suka ce ba za su bari abin ya mutu ba. A ɗakin girkin gidan ɗaya daga cikin iyayen suka fara zama, kafin daga baya su koma wani babban gida a cikin Ashburton, inda makarantar take har yau.

Ku lura da yadda aka faro. Malamai da yara ne suka zauna wuri ɗaya suka tambayi juna irin makarantar da suke so. Daga wannan zama aka samo ginshiƙin da komai ya tsaya a kansa, wato taron makaranta. Kowane mako ɗalibai da malamai sukan taru a ɗaki guda, kowa da ƙuri'arsa ɗaya, daga yaro ɗan shekara 11 har malamin da ya yi furfura. Ikon da a wasu wurare yake hannun shugaban makaranta, a nan yana hannun wannan taro. Babu kayan makaranta na dole, kuma ɗalibai da kansu suke sharar ajujuwa da gyara wurin idan an tashi. Duk da haka ana karatu na gaske: akwai jadawalin darussa, kuma ɗalibai suna zana jarrabawar GCSE da yaran Ingila ke yi suna da shekara 16.

To, mu shiga batu na farko, yawan ɗalibai.

Ɗaliban Sands ba su cika wuce 80 ba. A ƙasar da ake da makarantun sakandaren gwamnati masu ɗalibai sama da 1,000, wannan adadi bai taka kara ya karya ba. Mai sauraro zai iya cewa, ai wataƙila kasuwa ce ba ta buɗe musu ba. A'a, tsarin nasu ne ba ya jure yawa. Taron da kowa zai iya ɗaga hannu ya yi magana a saurare shi, dole ne mutanensa su shiga ɗaki ɗaya, kuma dole ne su san juna. Idan mutum 80 ne, yarinyar da ke da kunya tana iya daurewa ta faɗi abin da ke damunta, domin duk fuskokin da ke kallonta ta san su. Idan aka kai mutum 500, sai masu baki su mamaye wurin, sauran su zama 'yan kallo, kafin a ankara an koma neman wani mutum ɗaya da zai riƙa yanke hukunci a madadin kowa.

Akwai kuma fa'idar da ta fi wannan girma. A makaranta mai wannan adadi, yaro ba ya ɓacewa. Idan ya yi kwana biyu yana zuwa da jajayen idanu, za a gani. Idan ya daina cin abincin rana, za a gani. Idan manyan yara suka fara tsangwamarsa a bayan gini, labari ba zai kwana ba. Malamin lissafi ya san cewa wannan yaron da ke fama da rarraba lambobi shi ne gwanin da kowa ke yabawa a ɗakin zane, don haka ba zai taɓa kallonsa a matsayin daƙiƙi ba. Sanin yaro ciki da bai shi ne jarin irin wannan makaranta, kuma ƙanƙantarta ce ke samar mata da shi.

Sai dai fa taura biyu ba ta taunuwa. Makarantar da ba ta karɓar tallafin gwamnati, da kuɗin da iyaye ke biya take rayuwa. Mu yi ɗan lissafi tare. A ce ɗalibai 80 ne, malamai 10. Ke nan kuɗin yara takwas ne ke ɗaukar nauyin malami ɗaya, ban da wuta da ruwa da gyaran gini da littattafai. Idan a shekara guda iyalai takwas suka ƙaura ko suka kasa biya, kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shiga ya tafi, wato albashin malami guda ke nan. Babbar makaranta ba za ta ji a jikinta ba idan ta rasa yara takwas, amma ƙarama sai ta girgiza. Raguwar ɗalibai na cikin abubuwan da suka durƙusar da Dartington, kuma waɗanda suka kafa Sands da idonsu suka ga hakan. Ga kuma sabon nauyi: daga watan Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, abin da ya ƙara wa iyaye ɗawainiya, ya kuma ƙara wa ƙananan makarantu fargaba. Don haka irin wannan makaranta kullum tana tsakanin iyaka biyu: kada ta ragu har ta kasa biyan albashi, kada kuma ta ƙaru har ta daina sanin 'ya'yanta.

(KIƊA)

Idan yanzu kuka kama mu, kuna sauraron shirin faɗakarwa kan ilimi ne, muna magana a kan makarantar Sands da ke Ingila. Batu na biyu shi ne malamai.

A Ingila doka ba ta tilasta wa makaranta mai zaman kanta bin manhajar gwamnati ba, ba ta kuma tilasta mata ɗaukar mai takardar shaidar malanta irin ta makarantun gwamnati kaɗai ba. Amma dole ne ta yi rajista da ma'aikatar ilimi, dole ne masu duba makarantu su riƙa zuwa, kuma dole ne a binciki tarihin duk wanda zai yi aiki da yara, a tabbatar ba shi da laifin da zai sa a ji tsoron barinsa da su. Wannan ba a sassauta wa kowa, komai ƙanƙantar makaranta, komai 'yancin da take taƙama da shi.

Abin da ya bambanta Sands shi ne abin da ke biyo bayan wannan. Mai neman aikin koyarwa yakan zo ya wuni cikin yaran, ya koyar da darasi a gabansu, su yi masa tambayoyi, sannan maganar ɗaukarsa ta je gaban taro. Mu kwatanta yadda abin yake. A ce malamar kimiyya ce ta zo neman aiki. Ta shiga aji, ta fara bayani, sai wani yaro ya ce bai gane ba. Ta sake bayani, ya ce har yanzu bai gane ba. Duk idanun ajin suna kanta. Za ta tsuke fuska ne ta wuce gaba, ko za ta ajiye alli ta nemo wata hanyar? Daga baya yaran suka zauna da ita, wata ta tambaye ta abin da za ta yi idan ɗalibi ya gaya mata cewa darasinta yana sa shi barci. Amsar da za ta bayar, da yanayin fuskarta lokacin da take bayarwa, su ne za a tattauna a taro. Takardunta sun riga sun nuna ta san kimiyya. Abin da yaran ke aunawa shi ne haƙurinta da gaskiyarta.

Na san akwai iyaye da malamai da ke saurare yanzu suna girgiza kai, suna cewa ta yaya za a bai wa yaro wuƙa da nama a kan wanda zai koyar da shi. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Amsar masu wannan tsari ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da zai zauna gaban malami shekara biyar yana ganin abin da kwamitin manya ba zai gani ba cikin hirar minti 30. Kuma yaron da ya ɗaga hannu ya amince a ɗauki malami, ya ɗaura wa kansa alhakin sauraronsa. Ba shi da bakin cewa an ƙaƙaba masa shi.

Su kansu makarantun da ke kan wannan tafarki ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Makarantar Sudbury Valley da aka kafa a 1968 a garin Framingham na jihar Massachusetts a Amurka ta fi Sands zurfafawa: a can babu ma'aikacin da ke da kujerar dindindin, kowace shekara sai an kaɗa ƙuri'a a kan waɗanda za su ci gaba da aiki. Ita kuwa Summerhill, wadda A. S. Neill ya kafa a 1921, kuma take garin Leiston a gabashin Ingila tun 1927, ta bar wa taron yara dokokin zaman yau da kullum, amma ɗaukar malami da sallamarsa da harkar kuɗi suna hannun shugabar makarantar. Kowace ta ja layinta a inda ta ga ya dace.

Aiki a ƙaramar makaranta kuwa ba hutu ba ne. Malami ɗaya yakan riƙe fanninsa shi kaɗai daga ajin farko har na ƙarshe, ba shi da abokin aikin da zai jingina da shi. Shi ne mai ba wasu ɗalibai shawara a kan karatunsu, shi ne zai raka su tafiya, yana cikin masu sasanta rigima. Ba shi da bulala, ba shi da ofishin shugaba da zai tura mai taurin kai. Girman da zai samu, sai wanda iliminsa da halinsa suka jawo masa. Ga kuma wata gazawa da dole a faɗa: malamai goma ba za su iya koyar da yawan fannonin da malamai 70 ke koyarwa ba. Yaron da ke son wani fanni na daban wataƙila ba zai same shi ba, kuma idan malami ɗaya ya kwanta rashin lafiya, fanninsa kaf ya shiga wani hali.

(KIƊA)

Batu na uku, ƙofar shiga. Yawancin makarantun kuɗi masu suna a Ingila da jarrabawa suke tace ɗalibai, su ɗebi masu maki, su sallami saura. A Sands ba maki ake dubawa ba. Iyaye sukan kawo yaro su ga wuri, a zauna a yi hira, sannan yaron ya zo ya yi makon gwaji. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mu ɗauka yarinya ce 'yar shekara 12 da ta tsani makarantarta ta baya saboda tsangwama, har ta kai kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Ranar Litinin ta shigo a ɗarare, ta rakuɓe a gefe. Ta shiga darussa tare da sa'o'inta, ta ci abinci da su, da aka tashi aka miƙa mata tsintsiya kamar kowa. Ta zauna a taro ta ga yaro ƙarami ya ɗaga hannu ya saɓa wa malami cikin ladabi, kuma ba wanda ya daka masa tsawa. Kafin Juma'a ta san ko wurin ya kwanta mata, su ma sun san ko za a iya zama da ita. Daga nan sai maganarta ta zo gaban jama'ar makarantar, waɗanda suka yi hulɗa da ita su faɗi abin da suka gani, a yanke shawara.

Gwajin nan ta ɓangare biyu ne, makaranta tana duba yaro, yaro yana duba makaranta. Tambayar da ake nema wa amsa ita ce: shin wannan yaron da kansa yake son zuwa, ko iyayensa ne kawai ke so? Kuma zai iya riƙe amanar 'yancin da za a ba shi ba tare da ya cutar da wasu ba? A wurin da babu mai tsaye a kanka da sanda, zaman lafiya ya dogara ne ga yardar kowa. Yaro ɗaya mai cin zali yana iya dagula rayuwar mutum 80 cikin wata guda. Shi ya sa ba a wasa da wannan ƙofa.

Amma ita ma tana da nata haɗarin, kuma adalci ne a faɗe shi. Yara suna iya karkata ga mai fara'a da saurin sabo, su kau da kai daga mai shiru, ko mai wata lalura da ke sa hulɗa ta yi masa wuya, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar wurin. A nan ne nauyi ke kan malamai, su tunatar da taron cewa ba abokin wasa ake zaɓe ba, haƙƙin ɗan Adam ake dubawa. Sannan ga babbar katanga, wato kuɗi. Yaran Ingila da ke zuwa makarantun kuɗi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Duk yadda ƙofa ta kai ga buɗuwa ta fuskar maki, ɗan talakan da iyayensa ba za su iya biya ba yana waje, sai fa wanda aka yi wa rangwame, rangwamen kuma daga aljihun makarantar da ita ma ke lallaɓawa yake fitowa. Wannan abu ne da ke damun duk mai kishin ilimi, domin kulawar da yaro ke samu a irin wannan wuri, kowane yaro ya cancance ta.

(KIƊA)

To jama'a, me za mu ɗauka daga wannan? Ba ina cewa a kwaso tsarin Sands a dasa a garuruwanmu yadda yake ba. Tarbiyyarmu ta girmama malami da na gaba abu ne mai daraja da ba za mu saki ba. Amma makarantu masu zaman kansu sun cika unguwanninmu, iyaye suna matse bakin aljihu suna biya, kuma batutuwan nan uku suna da amfani a ko'ina.

Ya kai uba, ya ke uwa, idan kuka je sa yaro a makaranta, ku roƙi a kai ku aji ana cikin darasi, ku ƙirga kawuna da idonku, gani ya kori ji. Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi kada ajin babbar sakandare ya wuce ɗalibai 40 ga malami ɗaya. Ku tambaya, malaman nan su nawa ne na dindindin, shekara nawa suka yi a wurin, suna da rajista da hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista, kuma ana biyansu albashi a kan kari? Makarantar da malamanta ke sauyawa kowane zango ba za ta taɓa sanin ɗanku ba. Sannan ku duba yadda aka karɓe ku: an tambaye ku halin yaron, abin da yake so da abin da ke ba shi wuya, ko lambar asusun banki kawai aka miƙo muku? Idan kun koma gida kuma, ku tambayi yaron abin da ya gani da yadda ya ji, ku saurare shi da gaske, domin shi ne zai wuni a can.

Ku kuma masu makarantu, Allah Ya ba ku lada kan hidimar da kuke yi, ku sani 'ya'yan mutane amana ne a wuyanku. Ku yanke wa kanku adadin da ba za ku wuce ba, gwargwadon malaman da kuke da su, ku tsaya a kansa ko da layi ya kai bakin titi. Kafin ku ɗauki malami, ku sa shi ya koyar a aji kuna kallo, sannan ku tambayi ɗaliban ko sun gane. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ba ya rage wa malami daraja. Idan da hali, ku ware gurbi ko da biyu ne a kowane aji domin maraya da ɗan mai ƙaramin ƙarfi.

Nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Muna jiran saƙonninku da ra'ayoyinku, musamman daga malamai da ɗalibai, a kan wannan tambaya: ya dace a riƙa jin ta bakin ɗalibai kafin a ɗauki malami? Za mu karanto su a shiri na gaba idan Allah Ya kai mu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu da alheri.  

(KIƊAN RUFE SHIRI)